Lambata a Hannun Kawu Danjuma

Kawu Danjuma ne ya ɗauko ni daga filin jirgi. Ba ƙanin mahaifiyata ba ne, ba mu haɗa jini ba. Mutumin Gitata ne da ya daɗe yana zaune a layinmu a Sabon Garin Keffi, cocinmu ɗaya, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar Baba. Da sunana ya fito a cacar bizar Amurka, ba a yi dogon tunani a gidanmu ba. Mama ta ce, "Ai Danjuma yana can." Shi ke nan.

Ya zo min da rigar sanyi da ta sauko min har gwiwa. A mota yana tuƙi yana min huɗuba.

"Ladi, ƙasar nan takarda ce. Duk wanda kika ga ya lalace a nan, takarda ce ta lalata shi. Abin da ya zo da sunanki, ki kawo min kafin ki buɗe."

Na ce, "To, Kawu. Allah ya saka muku."

Matarsa da 'ya'yansa suna Keffi. A gidan nasa na Amurka mu huɗu ne har da ni, duk sababbin zuwa daga gida. Ni da wata mata aka ba mu ɗakin ƙasa, kusa da injin ɗumama gida da ke ta gurnani ba hutu. Bayan sati uku wani ɗan kati ya iso da sunana da lambobi tara a jere a jikinsa. Kawu ya ɗaga shi sama kamar yana duba ko jabu ne.

"Wannan lambar ita ce ke. Da ita za ki yi aiki, da ita za ki kama haya, da ita za a san kin mutu. Ba a canza ta."

Ya ɗauki hotonsa da waya, ya ɗauki na fasfona, wai don kada su ɓace. Har godiya na yi.

Shekara tara na yi ina koyar da aji uku a wata firamare a Tudun Ƙofa. A Amurka kuwa aikin da na samu shi ne ninke zanen gado a kamfanin da ke wanke kayan asibiti. Waje ƙanƙara, ciki tiriri. Da annobar korona ta rufe gari, mu ba a rufe mu ba, sai ma aikin ya ninka. Mukan shiga bas babu kowa sai direba. Zanuwa suna zuwa cikin jajayen buhuna, ba ka tambayar me ya faru da wanda ya kwanta a kai. Ban yi fashin rana ɗaya ba.

A wata na bakwai na kama ɗakina ni kaɗai a wani tsohon bene. Kawu bai ji daɗi ba, amma ya taya ni ɗaukar kaya. Da zai tafi ya ce, "Adireshin da ke kan takardunki, ki bar shi nan gidana. Ƙaura tana rikita musu lissafi. In wasiƙa ta zo zan kira ki." Bai taɓa kira ba, ni ma ban tambaya ba.

Ina shekara ta huɗu a wurin, wata Juma'a manaja ya tara mu a gaban injina. Asibitin ya ba wani kamfani kwangilar. Ya raba mana takarda ɗaya-ɗaya, ya ce mu je mu nemi tallafin rashin aiki. Wani ɗan kuɗi ne da gwamnatin jiha ke ba wanda ya rasa aiki ba da laifinsa ba, na wasu watanni, kafin ya samu wani. Ya ce, "Haƙƙinku ne, ba roƙo ba ne. Ku cika fom a intanet, ba wuya."

Ba ni da kwamfuta, sai na nufi laburaren unguwarmu. A nan na san Madam Doris, wata dattijuwa baƙar fata mai furfura, wadda ke zaune a teburin tambaya da tabarau rataye a wuya. Ta zaunar da ni, ta buɗe min shafin. Fom ɗin ya tambayi ranar da na fara aiki, ranar da na daina, dalili, adireshin kamfani. Ina laluben takarda a jaka sai shafin ya rufe, wai na daɗe. Na sake daga farko. Ya sake rufewa. A karo na uku na kai ƙarshe, na danna. Sai jan rubutu ya fito: akwai wanda ya riga ya yi rajista da wannan lamba.

Madam Doris ta sa tabarau. "Kin taɓa neman tallafin a baya?"

"Ban taɓa ba."

"Wataƙila kin manta. Danna nan, za su aiko miki da lambar shiga ta waya."

Na danna. Shafin ya ce an aika saƙo zuwa wayar da ke ƙarewa da huɗu da bakwai. Na ajiye wayata a kan tebur muna kallonta. Ba ta yi ƙara ba. Lambata ba da huɗu da bakwai take ƙarewa ba.

Madam Doris ta cire tabarau. Sannan ta rubuta min lambar wayar ofishin tallafin a takarda, ta ce da muryar da ta yi ƙasa, "Ki kira su da sassafe. Kada ki bari ya kwana biyu."

A bas, ina kallon titi, lambobin nan biyu suka riƙa yi min yawo a ka. Na san wayar da ke ƙarewa haka. Na ce wa kaina mutum nawa ne a garin nan lambarsu ta ƙare da huɗu da bakwai. Ban buɗe wayata na duba ba.

Kwana tara ina kira. Ƙarfe takwas daidai nake dannawa, muryar na'ura ta ce danna ɗaya, danna uku, a sa min kiɗa, in jira har shayina ya huce, sannan layin ya yanke. A rana ta tara wani mutum ya ɗauka. Ni da na koyar da Turanci, sai ga shi yana cewa in maimaita, in maimaita. Na faɗi sunana harafi-harafi. Ya ce sunan bai yi daidai da na wajensu ba, domin kamfaninmu ya rubuta sunan Baba a gurbin nawa, nawa a gurbin na Baba. Ya ce ba zai iya gaya min komai a kan rajistar ba sai na tabbatar ni ce ni. In ɗauki hoton fuskata da na katina in tura.

Sau biyar na'urar tana ƙin hoton. Wai ba ta ga fuska ba. Madam Doris ce ta ja ni bakin taga, ta cire min ɗankwali kaɗan daga goshi, ta riƙe farar takarda a ƙarƙashin haɓata don haske ya dawo. Ta ce, "Injin nan bai saba ganin irinmu ba. Tsaya cak." A haka ya karɓa.

Sati guda bayan nan na samu wata mata a layi. Da fara'a ta soma, tana ta danne-danne ina ji. Can sai danne-dannen ya tsaya. Da ta sake magana, fara'ar ta tafi.

"An aika miki wasiƙu da yawa. Ba ki amsa ko ɗaya ba."

"Ina aka aika?"

Ta karanto sunan titin da lambar gidan. Na zauna a bakin gado.

"Me wasiƙun suka ce?"

"Sun ce kin karɓi tallafi lokacin annoba alhali kina aiki. An yanke hukunci a kai kwanan nan. In ba ki yarda ba, kina da damar ɗaukaka ƙara, amma wa'adin ya kusa cika."

Ranar Lahadi bayan coci na je gidan Kawu. Akwai sababbin takalma a bakin ƙofa, na mutanen da ban sani ba. Ya tarbe ni da murna, ya dafa shayi, ya tambayi Mama. Na ce na zo karɓar wasiƙuna. Ya ce wace wasiƙa, shi bai ga komai ba. Na faɗa masa abin da matar ta karanto min. Ya daɗe yana juya cokali a kofi. Sannan ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da ambulan ɗaya, a buɗe, ya ajiye tsakaninmu.

"Ladi, a lokacin nan kowa ya yi. Gwamnati ta buɗe famfo, mutane suka tara bokiti. Ba kuɗin kowa ba ne."

"Da sunana, Kawu?"

"Wata bakwai kika yi a gidan nan. Na taɓa tambayarki ko sisi?" Ya gyara zama. "Abin mai sauƙi ne. Ki ce ke ce kika cika, ba ki gane Turancin fom ɗin ba. Baƙuwa ce ke, za su tausaya. In ma sun ce a mayar, zan riƙa taimaka miki."

"In sun tambaye ni wa ya yi fa?"

"Ba za su tambaya ba in kin ce ke ce." Ya dube ni sosai. "Kin san mutum nawa suka zauna a gidan nan? Ba kowa ke da takarda irin taki ba. In kika ambaci sunana, duk za a tono su. Ke za ki ɗauki alhakinsu?"

Na ɗauki ambulan na miƙe. Ya rako ni har ƙofa, ya riƙe min rigar sanyi in zura hannu, kamar uba da 'yarsa.

"Mamanki tana nan a gidan nan na bayan masu walda ko? Har yanzu ita kaɗai take zaune tun da ƙaninki ya koma Abuja?" Ya girgiza kai. "Keffi ta canza. Ba a barin tsohuwa ita kaɗai yanzu."

Na sauka matakalar gidan ina riƙe da ƙarfe.

Kwana uku ya rage a wa'adin. Madam Doris ta karanta wasiƙar sau biyu, ta nuna min kalmar da ke nufin da gangan. Muka rubuta takardar ɗaukaka ƙara layi huɗu, ta tura min ta injin ofishinsu, ta miƙo min shaidar turawa, ta ce in adana ta kamar fasfo. Ta kuma ba ni adireshin lauyoyin da ke taimaka wa marasa hali kyauta. Lauyar da na samu ba ta ɓoye min komai ba.

"In kika ce ke ce, kin yi ƙarya bayan rantsuwa, kin kuma amsa laifin zamba. Zai iya bin ki har ranar da za ki nemi zama 'yar ƙasa. In kika ce ba ke ba ce, sai kin kai rahoto wurin 'yan sanda, kuma za a tambaye ki wa ya san lambarki, wa ke zaune a wannan adireshi. Ba zan zaɓa miki ba. Amma ba zan tsaya miki a kan ƙarya ba."

Aka sa ranar sauraron ƙara. A tsakanin nan aka ce in ci gaba da shiga shafin duk mako ina amsa tambayoyi: kin nemi aiki, a ina, kin ƙi wani aiki, kina da lafiyar yin aiki. Ina amsawa, ba abin da ke fitowa. Na koyi hanyar cocin da ke raba gwangwanin wake da burodi ranar Laraba. Ban gaya wa Mama ba.

Ita ta kira ni, wata Asabar da rana. Ina jin ƙarar injin walda a bayanta.

"Ladi, Maman Joy ta zo." Matar Kawu ke nan. "Ta kawo min doya da turmin atamfa. Ba Kirsimeti ba, ba biki ba. Ta zauna tana ta kuka ba ta ce komai ba. Washegari dattawan coci biyu suka zo. Wai kina so ki ɗaure mutumin da ya riƙe ki a baƙon wuri."

Na soma bayani. Ta katse ni.

"Abu ɗaya zan tambaye ki. Kin ci kuɗin nan?"

"Ban ci ba, Mama. Ban ma san da shi ba."

"To."

Sai ta ci gaba.

"Jiya wasu mutum biyu suka tsaya da acaɓa a ƙofar gida," in ji ta. "Ba su sauka ba, ba su yi sallama ba. Sun daɗe suna kallon gidan, sannan suka tafi. Wataƙila ba komai ba ne."

"Mama, zan ce ni ce. A bar maganar."

"Ki ce ke ce me? Ɓarauniya?" Muryarta ta tashi. "Ubanki ya mutu bai bar miki fili ba, sunan nan kaɗai ya bar miki. Ni zan koma wurin gwaggonki a Tudun Ƙofa in zauna kwana biyu. Ke ki faɗi abin da ya faru. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Ta waya aka saurari ƙarar. Madam Doris ta ba mu wani ƙaramin ɗakin karatu mai ƙofar gilashi, ni da lauya, wayar a tsakiyar tebur. Mai sauraron ƙarar namiji ne, muryarsa ba zafi ba sanyi. Ya rantsar da ni. Lauya ta gabatar da takardun albashina na kowane mako na lokacin annoba, da takardar hayar ɗakina, da shaidar cewa katin bankin da aka riƙa zuba kuɗin tallafin a ciki gidan da na bari aka kai shi. Ya saurara, ina jin yana juya takardu.

"Ke kika yi wannan rajista?"

"A'a."

"Kin ba wani izini ya yi da sunanki?"

"A'a."

"Akwai wanda kika san yana da lambarki, yana kuma karɓar wasiƙa a wannan adireshi?"

Na ga takalman nan na bakin ƙofa. Na ga acaɓa a gaban gidanmu. Ta gilashi ina hango Madam Doris tana jera littattafai, ba ta kallonmu. Lauya ba ta taɓa ni ba, ba ta yi min alama ba. Mutumin ya ce, "Kina ji na?"

Na faɗi sunan. Ya ce in faɗa harafi-harafi. Na faɗa.

Hukuncin ya ɗauki makonni. Kafin ya zo, wayata ta yi tsit, ba mai kirana. 'Yan gida da muke haɗuwa a coci suka daina zama a bencina. An cire ni daga zauren zumuntarmu na waya ba tare da an ce min komai ba. Matar da muka kwana ɗaki ɗaya a gidan Kawu ta gan ni a shago ta juya keken sayayyarta. Sau biyu aka kira ni da ɓoyayyiyar lamba, in na ɗauka sai numfashi. Wani mako kuma na yi kuskuren danna a'a a tambayar ko ina da lafiyar yin aiki, domin mura nake yi, aka dakatar da komai, na sake komawa layin waya na kwana shida kafin a gyara.

Da wasiƙar ta iso, a adireshina wannan karon, shafi biyu ce. An wanke ni. An sake min tallafin makonnin da na jira. Na riga na soma aiki a gidan kula da tsofaffi a lokacin. Na kai wa Madam Doris ta gani, ta karanta, ta cire tabarau ta goge ido, ta ce in je in ci abinci mai kyau.

Kawu kuwa, kafin kowa ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ya bar ƙasar. Mutanen da ke gidan suka watse. Har yau ban san inda suka shiga ba, kuma wannan yana damuna fiye da yadda nake faɗa.

Sai bayan shekara biyu na zo Keffi. Mama ta koma gidanta, ta rame, ta daina zuwa taron zumuntar mata. Ta ce ƙafa ce ke damunta. Ranar Lahadi muka je coci tare. An yi sabon rufi, an sa fankoki, an shafa fenti. Bayan wa'azi fasto ya ce ikilisiya ta gode wa ɗan'uwan da Allah ya yi amfani da shi wajen wannan aiki, ya roƙe shi ya miƙe. Daga bencin gaba Kawu Danjuma ya tashi cikin farar shadda. Ya yi ƙiba. Cocin ya ɗauki tafi, mata suna guɗa. Hannuwana suka ɗaga da kansu, don sabo. Mama ta kama wuyan hannuna ta mayar kan cinyata, ta danne. Haka muka zauna mu biyu har tafin ya ƙare.

A waje, ana gaishe-gaishe a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ya ratso mutane ya zo inda muke. Ya rusuna wa Mama. Ba ta amsa ba. Ya juyo gare ni da murmushi, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"'Yata! An zo lafiya? Ya mutanen can?"

Sannan ya matso kamar zai sa min albarka, ya yi ƙasa da murya, ya karanto min lambobin nan tara, ɗaya bayan ɗaya, bai yi kuskuren ko guda ba.

"Kin ga har yanzu kaina yana aiki," in ji shi. "Allah ya mayar da ke lafiya."

Ya wuce wurin motarsa, mutane suna buɗe masa hanya. Mama ta tambaye ni me ya ce. Na ce gaisuwa ce. Ta dube ni, ta dubi motar har ta fita daga harabar, sannan ta ce in tsayar mana da keke, rana ta yi zafi.